Gwiwa ta fara ƙara amma ba ka son barin tafiya: sanda, takalmi, ɗamara ko magani, wanne za ka fara saye?

Tun ina saurayi nake hawan Dutsen Kwatarkwashi. Da na zama malamin makaranta a Gusau, ni ne mai jan ɗalibai mu hau, kowa da gorar ruwansa da ƙuli-ƙuli a aljihu, mu tsaya can sama muna hangen motoci a kan titin Funtuwa kamar jerin tururuwa. Shekara shida da suka wuce gwiwata ta dama ta fara ƙara in zan tashi daga zaman tahiya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka ɗauki hoto, likita ya nuna mini inda guringuntsi ya zaizaye, ya ce amosanin gaɓɓai ne. Abin da na fara tambayarsa shi ne ko ni da dutse mun rabu ke nan. Ya ce a'a, zaman wuri ɗaya ya fi tafiya cutar da irin wannan gwiwar.

Daga lokacin zuwa yau na kashe kuɗi a kan abubuwa da dama, wasu sun biya, wasu asara ce tsagwaronta. Na rubuta wannan ne don wanda kuɗinsa ba su isa ya sayi komai ba, amma yana son ya ci gaba da doguwar tafiya da jaka a baya, ko hawan dutse ne, ko zuwa gona mai nisa, ko shirin aikin Hajji.

Kafin ka ciro ko sisi

Ba kowane ciwon gaɓa ba ne iri ɗaya, ko da yake a gida duk muna ce musu sanyin ƙashi. Wanda nake magana a kai shi ne na zaizayewar guringuntsi. Alamarsa: gaɓa ta sandare da safe amma ta saki kafin rabin awa, ciwo ya ƙaru da aiki, ya lafa da hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa ne, kuma mata sun fi yawa. Idan kuwa yatsun hannu biyu ne ke kumbura tare, sandarewar safe ta haura awa guda, wannan wani ciwo ne daban da garkuwar jiki ke haddasawa, yana da magungunansa da ake so a fara da wuri. Mai sikila da kwatangwalo ya dame shi, shi ma kada ya ɗauki shawarata sai likita ya duba. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, wannan asibiti za a nufa a ranar.

Ma'aunin da na bi

Na farko, kuma shi ne uban sauran: abin nan rage wa gwiwa kaya yake yi, ko kuwa rufe mata baki kawai yake yi? A tafiyar fili, gwiwa na ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a kowane taku. Mai kilo 70, gwiwarsa na karɓar kilo 140 zuwa 210 duk sawu ɗaya. A gangara lissafin ya wuce haka. Shi ya sa ma'auni na biyu shi ne amfanin abu wajen sauka, don masu ciwon gwiwa sun sani, hawa numfashi yake ci, sauka kuwa gwiwa take ci. Sai kuɗi, sai ƙarko a zafinmu da ƙurar hunturu, sai sauƙin amfani, sai haɗari. Farashi na sa shi ne ta hanyar gwada wani da wani, tunda na wannan kasuwar ba shi ne na mako mai zuwa ba.

Sanda: gora ko ta ƙarfe mai tsawaita

A nan zan daɗe, don ita ce ta mayar da ni kan dutse.

Gora ko sandar icce irin ta makiyaya kusan kyauta ce. Ba ta da makulli da zai lalace, rana ba ta narkar da ita, tana iya shekara goma a hannu. Mutane da yawa suna da ita, riƙon ne ba su iya ba. Ana riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na ƙafar mai ciwo ba. Gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu, a jefa sanda da ƙafa mai ciwo gaba lokaci guda. Na yi wata biyu ina riƙe ta a dama ina ɗingishi kafin ma'aikacin gashin ƙashi ya gyara mini, kuma a ranar na ji bambanci. Doguwar sanda mai kai kafaɗa ta fi kwagiri amfani a dutse, saboda in za ka sauka kana iya kafa ta can ƙasa ka zame hannu sama, in za ka hau ka riƙe ta tsakiya. Aibinta biyu ne. Bakin icce yana sulɓi a kan fa, don haka a sa mata robar ƙasa irin ta sandar guragu da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, ko a naɗe bakin da tsohon tif na taya. Sannan gefe ɗaya take tallafa, wanda gwiwoyinsa biyu ke ciwo ba ta wadatar da shi.

Sandunan ƙarfe masu tsawaita, waɗanda ake riƙe biyu, su ne na masu hawan duwatsu a ƙasashen waje. Ba kasafai ake ganinsu a kasuwarmu ba, sai a odar intanet ko a dace a gwanjo, kuma kuɗinsu ya ninka na gora sau da yawa. Amfaninsu na gaske ne: hannu biyu suna karɓar wani kaso na nauyin, kuma mutum ya zama mai ƙafa huɗu a kan tsakuwa. Ana daidaita tsawo yadda gwiwar hannu za ta lanƙwashe daidai kusurwa a fili, a rage kaɗan wajen hawa, a ƙara santimita biyar zuwa goma wajen sauka. In za ka saya, ɗauki ta alminiyam, don ita lanƙwashewa take yi, mai sauƙin nauyin nan ta kabon kuwa karyewa take yi tas. Ka kuma duba makullin. Mai murɗawa ƙurar hunturu na shiga cikinsa ya daina kamawa. Tawa ta taɓa zurmawa ina tsakar jingina da ita a gangara, Allah ne ya tsare. Mai ɗan harshe da ake dannawa daga waje ya fi aminci, kuma ana iya ƙara masa ƙarfi da sukurdireba. Mai ciwon yatsu ya nemi mariƙi mai kauri, ya kuma bar igiyar wuyan hannu ta ɗauki nauyin maimakon damƙa.

Wata rana ina saukowa da gorata, na haɗu da wata tsohuwa ɗauke da ɗaurin icce a ka, tana tafe a karkace. Ta tsaya ta dube ni ta ce, "Malam, ba haka aka sabka ba. Ƙafa mai ciwo ita ka fara zuwa ƙasa, mai lahiya ta biyo ta." Na ce, "To Inna, in hawa ne fa?" Ta ce, "Mai lahiya ka gaba." Da na koma asibiti na faɗa, suka ce abin da suke koyarwa ke nan a kan matakala. Tun ranar haka nake sauka, taku gajere, ina yanka gangara a karkace maimakon in fuskance ta kai tsaye.

Jaka da abin da ke cikinta

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mai ciwon gwiwa ya rage a jikinsa yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. A ganina kilon da ke cikin jaka ma gwiwar ce ke biyan kuɗinsa. Jakar yini ɗaya kada ta wuce kashi goma cikin ɗari na nauyinka. Mai kilo 70, kilo 7 ke nan, kuma ruwa lita uku kaɗai ya ci kilo uku. Ruwa ba a rage shi a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Sauran kayan za a tace: dabino da ƙuli-ƙuli maimakon kwanon abinci, ƙaramar darduma mara nauyi, tocilan ɗaya.

Jakar goyo irin ta 'yan makaranta tana da arha amma duk nauyin a kafaɗa yake, tana kuma lilo. Mai ɗamarar ƙugu da ta ƙirji, wadda ake samu a gwanjo, tana manne wa jiki, kayan ba sa fizgar mutum a gangara. A sa masu nauyi kusa da gadon baya. Jakar rataye a kafaɗa ɗaya ita ce mafi muni, tana karkatar da jiki kan gwiwa guda. Kayan ka da gammo kuwa, a fili mun gaji iya shi, amma a dutse yana hana ka duban inda za ka sa ƙafa. In akwai jaki ko babur ko matashi mai ƙarfi a tafiyar, ba abin kunya ba ne a miƙa masa kayan.

Takalmi

Silifas da takalmin roba su ne suka fi jefa dattawa ƙasa. Abin nema shi ne kambas mai taushin ciki, mai zanen ƙasa da ke kama dutse, mai igiya. Na gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu. Juya shi ka duba ƙasan: in gefe ɗaya ya cinye, bar shi, zai koya wa ƙafarka karkatar mai shi na farko. Danna soson da yatsa, in ya farfashe ko bai dawo ba, ya mutu. Je sayayya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin, in ba haka ba gangara za ta ci maka farce. Zafinmu na sakin gam, don haka kafin ka fara sa shi kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki. Kuɗinsa matsakaici ne, ƙarkonsa shekara ɗaya zuwa biyu ga mai yawan tafiya.

Ɗamarar gwiwa

Mai kama da safa da ake zurawa tana da arha, tana ɗumama gaɓa, tana sa mutum ya ji ƙafarsa a dafe. Nauyi dai ba ta ragewa. Robarta na saki cikin 'yan watanni, a bazara kuma tana tara gumi har fata ta yi ƙuraje. In ta matse har ƙafa ta kumbura ko ta yi sanyi, a cire. Mai ƙarfe a gefe tana da tsada, kuma ta wanda gwiwarsa ke gocewa ce ko ta karkace, sai an auna. Sayenta da ka asarar kuɗi ce.

Man shafawa, ƙwaya da allura

Man shafawa mai diclofenac shi ne na fi yarda da shi a wannan rukuni. Gwiwa na kusa da fata, maganin na isa, kaɗan ne ke shiga jini. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, a ƙa'idarta ta 2022, shi ta sa a gaba ga ciwon gwiwa kafin ƙwaya. A kwatangwalo bai cika aiki ba saboda zurfi. Man zafi na kasuwa ɗumi yake bayarwa, ba laifi, amma kada a shafa a kan rauni.

Ƙwayoyin ibuprofen da diclofenac suna kashe ciwo sosai, kuma ba su da tsada. Matsalar tana ga ciki da ƙoda. Suna jawo gyambon ciki, suna ɗaga hawan jini, kuma shan su a ranar da mutum ke zubar da gumi bai sha isasshen ruwa ba yana iya taɓa ƙoda. Ranar doguwar tafiya a bazara, ko ranar azumi, ita ce ranar da suka fi haɗari, kuma ita ce ranar da aka fi sha'awar shan su. Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, kada ya taɓa sai da izinin likita. Paracetamol ya fi sauƙi a ciki amma ƙarfinsa kaɗan ne, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini.

Abin da nake roƙon kowa ya guje shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda. Na sha shi wata uku. Wani mai kemis ne ya haɗa mini, ƙwaya biyar kala-kala, ya ce in na sha zan yi gudu. Gaskiya ciwo ya ɗauke ɗif, har na hau dutse sau biyu a mako guda. Sai fuskata ta fara cika, mutane na cewa na yi ƙiba, ƙishirwa ta dame ni. Da aka gwada jini suga ya hau. Na kai ledar asibiti, aka tsinto dexamethasone a ciki tare da magungunan kashe ciwo iri biyu da bai kamata a haɗa ba. Ba a bar ni na daina rana ɗaya ba, sai da aka riƙa rage shi a hankali, don yanke irin wannan magani farat ɗaya shi ma haɗari ne. Gwiwar kuwa, da maganin ya sake ta, ta fi da kumburi, saboda na yi ta aiki da ita ba na jin kukanta. Tramadol ma haka, ga kama mutum, ga jiri a kan dutse.

Allurar cikin gwiwa da likitan ƙashi ke yi tana ba da sauƙi na mako biyu zuwa goma. Tana da tsada, ba a yawaita ta, tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, kuma in aka yi ta a wurin da ba tsabta ƙwayar cuta na iya shiga gaɓa. Ƙwayoyin glucosamine da ake tallatawa da sunan gina guringuntsi, hukumar NICE ta ce kada a bayar, babu ƙwaƙƙwarar shaidar amfaninsu. Tsaga da ƙaho a kan gwiwa ba sa mayar da guringuntsi.

Ƙarfafa cinya da rage ƙiba

Wannan ba a sayensa a kasuwa, shi ya sa aka fi raina shi. Tsokar gaban cinya ita ce birkin gwiwa a gangara. In ta yi rauni, ƙashi ne ke karɓar duka. Ziyara ɗaya ko biyu a sashen gashin ƙashi, kamar na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ta isa a koya maka abin da za ka riƙa yi a gida. Ni uku nake yi bayan sallar asuba: in kwanta a tabarma in ɗaga ƙafa a miƙe in riƙe, in tashi daga kujera in zauna sau goma ba tare da dafawa ba, in hau dakalin ƙofar gida in sauko a hankali. Makonnin farko ciwon na iya ɗan ƙaruwa, a nan mutane ke bari. Sai an yi wata biyu zuwa uku ake ganin riba. Ma'aunin da aka ba ni: in awa biyu bayan aiki ciwon ya fi yadda yake kafin a fara, ko gwiwa ta kwana a kumbure, an zarce, gobe a rage. Mai ƙiba kuma, rage kashi goma cikin ɗari na nauyinsa ya fi kashi biyar amfani, amma ko kaɗan aka rage gwiwa na ji.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Yana rage nauyi? | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gora | Kusan kyauta | Shekaru | E, gefe ɗaya | Sulɓi in ba roba |
| Sandunan ƙarfe biyu | Tsada | Ya danganta da makulli | E, sosai a gangara | Zurmawa |
| Jaka mai ɗamarar ƙugu | Matsakaici | Shekaru | E, in an tace kaya | Cika ta da yawa |
| Kambas | Matsakaici | Shekara 1 zuwa 2 | Kaɗan, yana hana faɗuwa | Jabu, sakin gam |
| Ɗamarar gwiwa | Arha | Watanni | A'a | Matsewa, ƙuraje |
| Man diclofenac | Matsakaici, ana ta saye | Awoyi | A'a | Kaɗan |
| Ƙwaya | Arha | Awoyi | A'a | Ciki, ƙoda, hawan jini |
| Allurar gwiwa | Tsada | Mako 2 zuwa 10 | A'a | Suga, ƙwayar cuta |
| Atisayen cinya | Lokaci kawai | Muddin ana yi | E | Kaɗan |

Akwai haɗarin da ba ya cikin jadawalin, na 'yan bindiga, kuma duk ɗan Zamfara ya san shi. Mai ciwon gwiwa ba ya iya gudu. Wuraren da muke zuwa da ɗalibai a da, da yawansu yanzu ba sa shiguwa. Kada ka hau wani dutse ko ka bi wata hanyar daji sai ka tambayi mutanen garin a ranar, ka gaida mai unguwa, ka tafi da ɗan gari. Baƙo da jaka a baya yana leƙe-leƙe a kan tudu abin zargi ne ga jami'an tsaro da askarawa, don haka katin shaida ya kasance a aljihu. A fita bayan gari ya waye, a dawo kafin azahar. In an ce kada a je, zagayen cikin gari da sassafe ma tafiya ce.

Wa ya dace da me

Wanda ciwon bai daɗe da farawa ba, gwiwa ɗaya ce, kuɗi kuma babu: gora mai roba a hannun da ya dace, da atisayen cinya. In kuɗi sun samu, kambas.

Wanda gwiwoyi biyu ke damu kuma ransa na kan dutse: sandunan ƙarfe biyu masu makullin dannawa su ne farko, jaka mai ɗamara ta biyo, man shafawa a aljihun jakar. Ya zaɓi hunturu ko ƙarshen kaka, don dutsen damina santsi ne da shi.

Manomi ko mai kiwo da tafiya ta zame wa dole kullum: takalmi da sanda, kaya kuma a ɗora wa jaki ko amalanke. Shi ne ya fi kowa shiga tarkon haɗin leda, tunda ba shi da ranar hutu.

Mai ƙiba, ko mai suga da hawan jini: kuɗinsa su tafi ga ganin likita da gyaran cima, ƙwaya kuma sai wadda aka rubuta masa.

Maniyyaci: sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Ya fara atisaye da tafiyar safe wata uku kafin tashi, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ya saba da takalmin da zai tafi da shi tun a gida. In likita ya ga allura ta dace, a tsara lokacinta kusa da tafiya. Akwai keken turawa a Harami ga wanda ƙafa ta gaza.

Wanda ciwo ke tashe shi cikin dare, ƙafa ta karkace, ko zuwa masallacin unguwa ya gagara duk da ya gwada waɗannan na watanni: lokacin ganin likitan ƙashi ya yi, a Gusau, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a tattauna batun aiki. Ya tafi da hoton gwiwarsa na baya da duk ledojin maganin da yake sha.